Lambar da Kowa Ya Saka

Sentul na fara sauka, wata unguwa a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, a wani ɗaki saman shagon gyaran babura. Ɗan Najeriyar da ya kama mini ɗakin tun ina Malumfashi ya rantse mini cewa daga taga ana hango jami'a. Da na buɗe tagar, titin jirgin ƙasa na hango, da bayan wani bene ana shanya a kai. Jami'ar kuwa sai na canja jirgi, in kuma ƙara da mota. Na neme shi a waya har na gaji. Ban yi masa Allah ya isa ba, amma na yi kusa.

Wanda ya fitar da ni daga nan Istifanus ne, ɗan Kafanchan, yana karanta harkar kwamfuta. A cikin jirgi muka haɗu. Ina waya da matata Zainab, ina ce mata komai lafiya lau, ɗakin ma yana da kyau, sai na ji wani a bayana ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, fuskarka ba haka ta ce ba." Na waiwaya na ga wani dogo yana dariya, ya rataya jaka a ƙirji. Kafin mu kai tasharsa ya ji labarina duka. Ya ce abokin zamansa ya gama ya tafi, akwai ɗaki a Bukit Jalil, kusa da makaranta. A wannan makon na kwashe kayana.

Aikin da ya kai ni ƙasar, na sha wahalar bayyana shi ga mutanen gida. Har yau mahaifiyata gyaran kwamfuta take cewa na je koyo, ni kuma na daina musu. Abin da nake yi shi ne in sa kwamfuta ta kwaikwayi abin da ke faruwa idan aka harbo ƙwayar furoton da gudun da ya kusa na haske, ta daki cibiyar ƙwayar zarra ta dalma. Cibiyar nan cunkus take da ƙananan ƙwayoyi, kamar kwandon lemo da aka cika har baki. Ka jefa dutse da ƙarfi cikin kwandon, wannan ya ture wancan, wancan ya ture na gaba, wasu su yi tsalle waje. Nawa ne za su fita, ina za su nufa, da wane ƙarfi? Masu gina asibitocin da ke ƙona ciwon daji da irin wannan harbi suna buƙatar amsar, don su san kaurin bangon da zai kare ma'aikata. Ba a iya faɗin abin da harbi ɗaya zai yi. Sai dai kwamfuta ta yi ta jefa ƙuri'a, ta yi harbi miliyoyi, a tara a ga inda abin ya fi karkata.

Matsalar ita ce kwamfuta ba ta iya ƙuri'a ta gaskiya. Kai ne za ka ba ta lamba ɗaya ta farawa, muna ce mata lambar iri, daga ita take haifo sauran duka. In ka ba ta lamba ɗaya sau biyu, za ta maimaita maka harbin sak, daga na farko har na ƙarshe. A babbar na'urar jami'a ba wanda ke damuwa da wannan, don ita ke raba wa kowane aiki tasa lambar.

Shekaru suka tafi a haka. Safiya ina ɗakin bincike, yamma ina shagon mamak, irin na masu shayin can, da kofi a hannu ina gardamar ƙwallo da Istifanus. Ranar Juma'a nakan shiga jirgi har tsohuwar unguwar Kampung Baru in yi salla, in ci shinkafar kwakwa a ganye, in ɗan zauna a inuwa ina kallon tsofaffi suna hira. Ba na jin abin da suke cewa, amma zaman irin na ƙofar gidanmu ne. Malamata Dokta Rohana mace ce ƙarama mai sanyin murya, ba ta faɗa, ba ta kuma yabo. In ta ce "boleh" a kan aikinka, wato ya yi, ranar sai ka ci abinci da kyau.

Ina cikin shekarata ta ƙarshe korona ta zo. Aka kulle gari. Jami'a ta rufe, masallatai suka rufe, kowane gida mutum ɗaya ke fita cefane. Da farko ban damu sosai ba, don daga ɗakina nake tura wa babbar na'urar aiki ta intanet, zagayen harbi na ƙarshe ne ma ya rage mini. Sai wata yamma aka yi irin ruwan nan na Kuala Lumpur mai tsawa kamar za a tsaga gari, na duba na ga na'urar ta daina amsawa. Wuta ce ta ɗauke a ɗakin da take, wani abu ya ƙone. Dokta Rohana ta yi ta neman izinin a shiga a gyara. Ana dab da samu, aka gano mai cutar a ginin, aka garƙame shi gaba ɗaya ba ranar buɗewa.

Ni kuma bizata ita ce ta ƙarshe. Ofishin ɗalibai ya gaya mini ba ƙari, sai in na miƙa kundina kafin ta ƙare. In ban miƙa ba, zan tattara in koma gida hannu biyu, bayan shekarun da Zainab ta yi tana riƙe da gida ita kaɗai tana ce wa mutane saura kaɗan. Na gwada aikin a tsohuwar laftof ɗina. Ta yi ta huci yini guda, na lissafa saurinta, na ga bizar za ta ƙare ita ko rabi ba ta yi ba. Na rufe ta na zauna na zuba tagumi.

Istifanus ya fito daga kicin da cokali a hannu, ya dube ni ya ce, "Dokta, wa ya mutu?" Tun ban yi ko rabin karatun ba yake ce mini Dokta. Na gaya masa.

Ya ce, "Aikin nan, dole sai inji ɗaya? Ba a raba shi?"

Na ce ana rabawa, ai kowane harbi zaman kansa yake.

"To mu nawa ne a benen nan? Kowa yana da laftof, kowa kuma zaune yake yana kallon fim. Bari in kira Maman Ilham."

Maman Ilham 'yar Kano ce, tana digirinta na uku a fannin ilimi, hawa biyu a ƙasanmu. Ba wanda ya naɗa ta, amma ita ce shugabar 'yan Najeriyar benen. In an yi haihuwa ita ce, in an kama wani ba takarda ita ce. Ta saurare ni a waya, ta ce, "Malam Habibu, ni ban gane furoton ɗinka ba, kuma ba sai na gane ba. Ka faɗi abin da za a danna." Kafin la'asar ta sanar a zaurenmu na waya, mutane suka yi ta amsawa. Har da Bashir ɗan Gombe, mai karanta injiniya, wanda ya rubuto cewa in laftof ɗinsa ta ƙone, tawa zai ɗauka da ni kaina.

Na zuba manhajar a filas-filas. Tunda ba a shiga gidan kowa, sai in sa a leda in rataye a mariƙin ƙofa, kamar yadda masu kawo abincin tapau, wato na oda, ke yi, in ƙwanƙwasa in ja baya. Na yi musu bayani da murya: in kun kunna, za ta tambaye ku lamba, kowa ya saka duk lambar da ta zo masa a rai, sai ku bar ta ta yi ta aiki. A lissafina na masu kimiyya, lambobi ba su da iyaka, da wuya mutum biyu su yi karo.

Makonnin da suka biyo baya, benenmu ya koma masana'anta. In ka bi ta baranda sai ka ji fankokin laftof suna kuka ta bayan ƙofofi. Wani ya ɗora tasa a kan kwalin ƙwai don iska ta shiga ta ƙasa, wata ta juya wa tata fankar ɗaki ita kuma ta kwana cikin zafi. Masu darasi ta intanet suka koma yi a waya. Ta Istifanus ce ta fi kowacce gudu, irin ta masu wasan kwamfuta ce, yana ji da ita kamar amarya, amma ya sallama mini ita. Kullum a zaure sai an tsokane ni. "Dokta, tawa ta buga dubu kaza yau, a ƙara mini albashi." Ban taɓa jin ina cikin mutane ba kamar a wannan lokacin da ba na ganin kowa.

Cikin azumi aka kira Istifanus daga gida. Ina falo na ji ya ce, "Yaushe?" Babansa ne ya rasu, kwana kaɗan ya yi yana fama da numfashi. Ba jirgin sama, ba hanya. A waya ya kalli jana'izar, wani ƙanensa na riƙe da wayar a can, hoton yana yankewa yana dawowa. Na zauna kusa da shi a ƙasa. Ban san me ake cewa a irin tasu ba, sai na yi masa irin tamu, na ce Allah ya ba da haƙuri, ya amsa da amin. Maman Ilham ta rataye mana tuwo da miyar kuka a ƙofa, ban san inda ta samo kukar ba. Na ce masa ya kashe laftof ɗin ya huta da ƙararta. Ya ce, "Bar ta. Shirun ne ba na so."

Bayan salla na bi ƙofa-ƙofa na karɓo filas ɗina. Na haɗa sakamakon duka wuri ɗaya, na zana shi. Ka'ida ita ce, in harbi ya yi yawa, layin zanen yakan kwanta sumul. Nawa bai kwanta ba. Ga wani tudu ya taso a tsakiya, inda babu wanda ya taɓa ba da labarin tudu, kuma lissafi na nuna ba kuskure ba ne, don harbin ya yi yawan da ba za a ce sa'a ce ba. Na fara ganin sunana a mujallu. Har na kira Zainab na ce ta taya ni addu'a, kamar na gano wani abu.

Da safe na nuna wa Dokta Rohana ta bidiyo. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta daɗe tana kallo. Ba ta ce boleh ba.

Ta ce, "Habibu, buɗe mini harbin farko na laftof ta farko."

Na buɗe.

"Yanzu na ta biyu."

Na buɗe. Furoton ya shiga ta gefe ɗaya, ƙwayoyin da suka fita adadinsu ɗaya, sun nufi wuri ɗaya. Na buɗe na ta uku ba tare da ta ce ba. Shi ne dai. In ban da biyu ko uku, duk laftof ɗin benenmu harbi ɗaya suka yi ta maimaitawa. Ta Istifanus tana gaba, sauran suna taka sawunta. Tudun da na gani ɗan karkacewar sa'a ne na aiki ɗaya, na tara shi a kan kansa har ya zama dutse.

A hankali ta ce, "Wa ya raba lambobin iri?"

Na ce kowa ya zaɓi tasa.

"Mutane ba ƙuri'a ba ne, Habibu." Ta cire tabarau ta murza ido. "Je ka tambaye su."

Na rubuta a zaure: don Allah kowa ya faɗa mini lambar da ya saka. Maman Ilham ce ta fara amsawa: 234. Sai Bashir: 234. Sai wata Rifkatu 'yar Jos da ban taɓa ganin fuskarta ba takunkumi ba: 234. Haka suka yi ta shigowa. Na ɗaga kai na dubi Istifanus, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "Ni ma ita ce. Ka ce wadda ta zo mana a rai."

Lambar da ake fara dannawa ke nan in za a kira Najeriya. Kowannenmu yana danna ta sau da yawa a yini tun da aka kulle mu, wanda ke tambayar jikin uwa, wanda ke tambayar ko an samu abinci, wanda ke jin tsoron ɗaukar waya. Ba su haɗa baki ba, ba wanda ya leƙa na wani. Na zauna ina kallon lambar tana jeruwa a fuskar wayata, na rasa kuka zan yi ko dariya. Na yi shekaru ina koyon yadda abubuwa ke warwatsuwa in an bar su ga sa'a, ban taɓa tsayawa na yi tunanin inda hankalin mutum ke zuwa in an ce masa ya je duk inda ya so ba. Ni kaina, da ban yi amfani da lambar da na saba gwaji da ita ba, na san abin da zan saka.

Na yi musu bayani yadda zan iya, cewa zafin da suka sha na makonni aikin laftof ɗaya ne. Can Bashir ya kira ni ni kaɗai.

Ya ce, "Malam, tsaya. Wa ya sani in ban da mu da malamarka? Goge tudun nan, ka gyara layin da hannu, ka miƙa. Ka ga lokaci? Kowa yana yi fa."

Ba zan ce maganar ba ta shige ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bangon asibiti, da wata ma'aikaciya da ban sani ba da za ta tsaya a bayansa kullum tana ganin an auna. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ja tsaki ya ce, "To, sai ka zo ka sake ƙona mini laftof." Daga baya na gane amincewarsa ke nan.

Nauyin sake roƙonsu ne ya fi damuna. Jarrabawa ta matso, kowa na buƙatar kayansa, lokacin da ya rage mini kuma bai kai wanda muka ɓata ba. Dokta Rohana ta ce mu rage ɓangarorin da za a auna, mu tsaya a kan waɗanda kundin ba zai tsaya ba sai da su. Ta ce wannan karon in raba lambobin da kaina, ɗaya, biyu, uku. Na rubuta haka a zaure, na haɗa da ban haƙuri mai tsawo.

Maman Ilham ta turo murya. Ta ce, "Malam Habibu, bar ban haƙurin nan, ba ka kashe kowa ba. Amma ɗaya biyu ukun nan ba mu so, mu ba fursunoni ba ne. Ai 234 bakin iyaka ne kawai. Tunda gida kowa ya nufa, to mu ƙarasa. Kowa ya saka ƙarshen lambar wayar wanda ya fi kira a gida. In aka samu biyu iri ɗaya, to uwarsu ɗaya."

Aka yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba. Na ce su turo mini tukuna in tabbatar ba karo. Suka yi ta turowa, kuma ba wanda ya turo lamba tsirara. Ta Hajiyata ce. Ta mijina ce. Ta ƙanwata ce, ita ke riƙe da yarana. Bashir ya ce ta wata ce, kada a tambaye shi. Da na gaya wa Dokta Rohana, ta yi murmushin da ban taɓa gani ba, ta ce in turo mata manhajar, akwai kwamfuta a gidanta, ita ma tana da uwa a ƙauye da ba ta gani ba tun da aka kulle. Ni na saka ta Zainab.

Istifanus ne bai turo ba. Na same shi zaune gaban laftof ɗinsa, manhajar na jiran lamba, ya ɗora hannu bai danna ba. Na ce ko ta mama zai saka. Ya girgiza kai.

"Ta Baba zan sa. Har yanzu ban goge ta ba. Ba mai ɗauka, gara ta yi wani aikin."

Ya danna ta da ka, bai duba waya ba. Fankar ta tashi.

Wannan karon ba a yi tsokana sosai ba. Mutane suna karatun jarrabawa a ƙananan wayoyi, idanu na ciwo, ba wanda ya ce a dawo masa da kayansa. Kowace safiya ina karɓar ɗan abin da ya samu in duba harbin farko-farko, in ga kowa hanyarsa daban. Tudun ya fara zaizayewa. Kullum in na ƙara sabon sakamako sai ya ƙara kwanciya, har ranar da na zana na ga layin ya miƙe sumul, ba sabon abu, ba suna a mujalla, amsa ce kawai ta gaskiya. Dokta Rohana ta duba ta ce, "Boleh." Na miƙa kundin saura 'yan kwanaki bizar ta ƙare, aka ba ni izinin zama in jira kare shi a gaban malamai.

Ranar da na miƙa, na fito falo na tarar da Istifanus yana goge ƙurar laftof ɗinsa da tsumma. Na gaya masa an karɓa. Ya ce madalla, bai ɗago ba. Can ya ce, "Dokta, a cikin duka, kason wa ya fi yawa?"

Na ce nasa, da nisa ma. Kusan duk inda aka taɓa a kundin, akwai harbin da ya fito daga lambar nan.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da gogewa. Ya ce, "Mutumin nan ko Abuja bai cika son zuwa ba. Bari in kira Mama in gaya mata Baba ya yi aiki a Malesiya."